Yadda Ake Gane Girman Ƙarfen Dogo da Auna Shi a Filin Aiki

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, layin da ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, matasa da dama a wannan yanki suka shiga aikin da a da sai dai su ji labarinsa daga Funtuwa, inda tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya wuce. Mai kula da sito da mai karɓar kaya daga tirela da mai walda da fomen, kowannensu wata rana za a nuna masa ƙarfe a ce wane iri ne wannan. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, kuma a wannan aiki kima ba ta wadatarwa, domin bambancin milimita 4 ya isa ya lalata mahaɗa.

Sassan ƙarfen da kayan awo

In ka tsaya a bakin ƙarfen ka dubi inda aka yanke shi, za ka ga sassa uku. Na sama shi ne kai, inda tayar jirgi ke takawa. Na tsakiya siriri shi ne ƙugu. Na ƙasa mai faɗi shi ne tafi, wanda ke zama a kan gungumen kankare ko na katako. Awo huɗu ake ɗauka: tsayi daga ƙasan tafi zuwa tsakiyar saman kai, faɗin tafi, faɗin kai, da kaurin ƙugu a inda ya fi sirantaka.

Tef ɗin awo na magina bai isa wannan aiki ba, sai dai a auna tsawo da shi. Ana buƙatar kalifa irin ta makanikai wadda bakinta ke buɗewa har milimita 200, da buroshin waya, da alli, da miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe mai mita ɗaya, da ma'aunin zafi mai maganaɗisu. A fara goge tsatsa da busasshiyar laka daga wurin da za a auna. Kada a auna a bakin ƙarfen daidai in tsoho ne, saboda dukan taya yana baje ƙarshensa. A matsa ciki kamar rabin mita.

Abin da lambar ke nufi

Ana kiran ƙarfen dogo da nauyin mita ɗaya nasa. Wanda ake kira 60E1, ko UIC60 a tsohon suna, kowace mita tasa kilo 60.21 ce. Tsayinsa milimita 172, tafinsa 150, kansa 72, ƙugunsa 16.5. Ƙaninsa 54E1 yana da kilo 54.77 a mita, tsayi 159, tafi 140, kai 70, ƙugu 16. Sai 49E1 mai kilo 49.39, tsayi 149, tafi 125, kai 67, ƙugu 14. Waɗannan duka tsarin Turai ne.

Tsofaffin layukan da Turawan Ingila suka shimfiɗa da fam da yadi aka lissafa su. In ka ga 80 a jikin irin wannan ƙarfe, fam 80 ne a kowane yadi, ba kilo ba. Maida shi kilo ba wuya: ninka da 0.496, ko a taƙaice ka raba biyu. Fam 80 zai ba ka kilo 39.7 a mita, fam 60 kuma kilo 29.8. Ƙarfen BS80A tsayinsa kimanin milimita 133 ne, tafinsa kimanin 117. Har yanzu Amurka da fam take lissafi, shi ya sa 115RE nasu yake kusan kilo 57. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka 80 ya fi 60E1 nauyi, alhali bai wuce kashi biyu cikin uku nasa ba.

Akwai kuma hanyar da za ka tabbatar da lamba in takarda ta ba ka faɗin fuskar yanka. Ƙarfe yana da nauyin kilo 7,850 a kowace mita kubik, don haka ninka faɗin fuskar, a santimita murabba'i, da 0.785. Fuskar 60E1 santimita murabba'i 76.70 ce, kuma 76.70 sau 0.785 ya ba da 60.21.

Kama da wane ba ta wane

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarfen kilo 60 na tsarin Sin ba ɗaya yake da 60E1 ba. Na Sin nauyinsa kilo 60.64, tsayinsa milimita 176, kansa 73, tafinsa kuwa 150 daidai da na Turai. In suna kwance a sito gefe da gefe, ba mai rabe su da ido, kuma duka biyun za su zauna a gungume iri ɗaya. Sai an zo haɗa su sannan a ga ɗaya ya ɗara ɗaya da milimita 4. Farantin haɗi, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a gefen ƙugu da noti don haɗa sanda biyu, na wannan ba zai zauna daidai a jikin wancan ba, kuma in aka matse noti da ƙarfi aka bar shi haka, kowace taya da ta zo sai ta daki wannan tudu. A ƙasar da kamfanonin Sin suka gina wasu layuka, kamfanin Turai kuma yake gina wani, wannan ba abin da za a yi wa sakaci ba ne. Takardar aikin ita ce ke faɗin irin ƙarfen da za a sa, kalifa kuma ita ce ke tabbatar da cewa shi aka kawo.

Kuskure na biyu ya shafi ƙarfen da ya sha aiki. A ce 60E1 ya ci milimita 10 daga sama. Tsayinsa ya koma 162, kusa da 159 na 54E1. Ƙarfen da ya zube daga kansa ya haura kilo 5 a mita, don haka in ka ɗora guntunsa a sikeli zai nuna wajen kilo 55, nan ma kamar 54E1. Tsayi da nauyi duka sun yaudare ka. Abin da zai fitar da kai shi ne tafi, domin taya ba ta taɓa shi: 150 ne ko 140? A tsohon ƙarfe, da tafi da ƙugu ake fara gane iri, sannan a koma ga tsayi don sanin nawa ya ci.

Karanta rubutun ƙugu

Kowace masana'anta tana fito da rubutu mai tudu a gefe ɗaya na ƙugu tun ƙarfen yana da zafi, kuma rubutun yana maimaituwa bayan 'yan mitoci. A ciki akwai sunan masana'anta ko alamarta, da irin ƙarfen kamar 60E1, da lambobi biyu na ƙarshen shekarar da aka yi shi, da wasu gajeru da dogayen layuka masu nuna ingancin ƙarfen. Wasu masana'antun suna ƙara wata. A ɗaya gefen akwai lambobin da aka buga suka nutsa ciki, su ne ke nuna tukunyar narkakken ƙarfen da aka zuba shi daga ciki. Wannan lamba ta biyu ita ce za ka gwada da takardar shaidar da ta zo da kaya. Amfaninta yana fitowa ne ranar da wani ƙarfe ya karye ba dalili, domin da ita ake bin sawun 'yan uwansa na tukunya ɗaya a duba su. In rubutun ya dushe, a goge da buroshi a shafa alli a kwance, haruffan za su fito.

Me ya sa ake zaɓar mai nauyi

Ba nauyin kansa ake nema ba, juriyar lanƙwasa ake nema. Ƙarfen dogo gada ce ƙarama tsakanin gungume da gungume, kuma juriyarsa ta fi dogara da tsayinsa. 60E1 ya fi 54E1 nauyi da kashi 10 cikin 100 kacal, amma ya fi shi ƙin lanƙwasa da wajen kashi 30. Ƙarfe mai ƙin lanƙwasa yana raba nauyin taya a kan gungume da yawa, sai tsakuwar da ke ƙasa ta daɗe ba ta niƙe ba. Shi ya sa layin da taragunsa ke ɗora tan 22.5 zuwa 25 a kan kowane aksil, wato tayoyi biyu da sanda ɗaya ta haɗa, aka fi sa masa ƙarfen kilo 60. Ƙananan ƙarafa na layin cikin yadin ajiye jirage ne da na masana'anta da inda jirgi ke tafiya a hankali.

Ingancin ƙarfen kansa wata magana ce dabam da girmansa. Ƙarfen dogo yana da kabon mai yawa. R260, wanda aka fi amfani da shi, kabon ɗinsa tsakanin kashi 0.62 da 0.80 cikin 100 yake, da manganis tsakanin 0.70 da 1.20. Lambar 260 taurin samansa ce a ma'aunin Brinell, inda ake danna ƙwallo a kan ƙarfe a auna faɗin ramin da ya bari. R350HT kuwa an sanyaya kansa ta hanya ta musamman bayan an murza shi, taurinsa ya kai 350 zuwa 390, kuma shi ake sa wa a kwana mai tsanani inda leɓen taya ke gogar gefen kai. A tsarin Sin za ka ga sunaye irin U71Mn da U75V. Siffa ɗaya tana iya zuwa da inganci daban-daban, don haka kada a jibge su wuri ɗaya a sito, kuma a gaya wa mai walda wanne ne a gabansa, saboda kowanne da garin waldarsa, wato garin da ake kunnawa ya narke ya cike mahaɗa.

Yawan kabon ɗin nan shi ne dalilin haramta wasu abubuwa da masu walda na gari suka saba. In aka yanka ƙarfen dogo da wutar gas, ko aka huda ramin noti da ita, ko aka ɗana masa wayar walda don gwada wuta, wurin yana yin zafi ya huce da sauri, sai ya zama mai tauri kamar gilashi. Tsaga ce ke farawa daga nan, ba a ganinta, har ranar da ƙarfen zai rabu biyu a ƙarƙashin jirgi. Da zarto ko faifan yanka ake yanke shi, da injin huda ake huda shi, sannan a share kaifin bakin ramin.

Lissafin kaya

Kilomita ɗaya ta layi guda tana cin mita 2,000 na ƙarfe, tunda biyu ne. Da 60E1, tan 120.42 ke nan. In sandunan masu mita 18 ne, za a buƙaci 112, kowanne kilo 1,084. In masu mita 25 ne, guda 80, kowanne kilo 1,505. Gungume a tazarar milimita 600 yana kama 1,667 a kilomita, kowanne da wurin ɗaure ƙarfe biyu. Mai karɓar kaya ya ƙirga sanduna, ya auna tsawon wasu daga ciki, ya ninka, ya gwada da nauyin da ke takardar direba. In lissafin ya saɓa da yawa, ko dai adadi bai cika ba ko kuma irin ƙarfen ba shi ba ne.

Tazarar layi

Tsofaffin layukan Najeriya tazararsu milimita 1,067 ce. Sababbin, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da wannan na Kano zuwa Maraɗi, 1,435 ce. Ba daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai ake auna ta ba. Daga gefen ciki na wannan kai ne zuwa gefen ciki na wancan, milimita 14 ƙasa da sama a tsarin Turai, 16 a tsarin Sin. In aka auna a saman gefen inda ya yi zagaye, lamba za ta fito da yawa. Haka kuma ƙarfen ba a miƙe cak yake zama ba, an ɗan karkatar da shi ciki da 1 cikin 20 ko 1 cikin 40 don ya dace da siffar taya. A gungumen kankare wannan karkata a jikin mazaunin take, don haka in tazara ta ƙi fita daidai, a fara duba ko yashi ko tsakuwa ta shiga ƙarƙashin tafi kafin a zargi ƙarfen.

Zafin Katsina da abin da yake yi wa ƙarfe

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar yankinmu. Ƙarfen dogo yana miƙewa da milimita 0.0115 a kowace mita in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Lamba ce ƙarama, amma tazarar zafi a nan babba ce. A bazara, Afrilu da Mayu, iska tana kaiwa digiri 40 ko fiye, ƙarfen da ke kwance a rana kuwa yana iya ɗara iska da kusan digiri 20. A daren hunturu kuma sai ya sauka kusa da digiri 10. Tazarar digiri 50 ke nan a shekara guda.

Zafin ƙarfe ake aunawa, ba na iska ba. A manna ma'aunin a ƙugu ta gefen da ke inuwa, a bar shi kamar minti goma, sannan a karanta.

A layin da aka haɗa da faranti da noti, giɓin da ke tsakanin sanduna shi ne ke shanye miƙewar. Lissafinsa: tsawon sanda sau 0.0115 sau digirin da suka rage kafin a kai zafi mafi tsanani. A ɗauka a misali an tsayar da digiri 65 a matsayin ƙarshe. Sandar mita 18 da aka shimfiɗa da hantsi ƙarfe yana digiri 35 tana buƙatar giɓin milimita 6.2. Ita dai wannan sanda in da asubar hunturu aka sa ta, ƙarfe yana digiri 15, giɓin milimita 10.4 take so. Fomen da ya yanka ƙarfen gwaji guda ɗaya yana cusa shi a kowace mahaɗa tun safe har azahar ya yi kuskure a rabin aikinsa. In giɓi ya yi kaɗan, sandunan za su haɗe baki tun kafin rana ta take, su fara turo juna. In ya yi yawa, sanyi zai ja su har noti ya lanƙwashe, taya kuma ta riƙa faɗawa cikin giɓin tana baje bakin ƙarfen. Noti da aka matse fiye da kima, ko farantin da tsatsa ta kama ba a sa masa giris ba, shi ma yana hana ƙarfen zamewa, sai giɓin ya zama ado.

A layin da aka haɗe da walda ya zama sanda ɗaya mai tsawon kilomitoci, babu giɓi. Ƙarfen yana ɗaure, ba ya iya miƙewa, sai miƙewar ta koma ƙarfin turi a cikinsa. A 60E1, kowane digiri ɗaya yana haifar da turi na kusan tan 1.9, kuma tsawon layin bai canza wannan lamba. In aka ɗaure ƙarfe aka yi waldar ƙarshe da sanyin safiyar Janairu yana digiri 15, to ranar da ya kai 65 akwai turin da ya haura tan 90 a kowace sanda. Abin da ke riƙe shi kawai nauyin gungume ne da tsakuwar da ke kafaɗar layi. In tsakuwar ta yi ƙaranci, ko an taɓa ta kwanan nan ba ta zauna ba, layin yana iya fizgewa gefe ya yi lanƙwasar maciji cikin ƙiftawar ido, sau da yawa a ƙarƙashin jirgin da ke wucewa. In kuma aka ɗaure shi da tsakar ranar bazara, hunturu zai ja shi har ya tsinke a walda mai rauni.

Maganin shi ne a ɗaure ƙarfen a wani zafi na tsakiya da injiniyoyin layin suka tsayar, galibi ɗan sama da tsakiyar tazarar, domin lanƙwasa ta fi tsinkewa haɗari. In ranar aiki ƙarfen bai kai wannan zafi ba, sai a kwance maɗauransa, a ɗora shi a kan ƙananan naɗi, a ja shi da injin ja gwargwadon lissafi. Mita 500 da ke ƙasa da zafin da ake so da digiri 25 za a ja ta milimita 144. A yi alama da alli a jikin tafin ƙarfen da gungume kowace mita 50 ko 100, don a ga jan ya rabu daidai, bai taru kusa da injin ba. A rubuta zafin da lokacin da adadin jan a littafi. Duk wanda zai yanka layin nan gaba don gyara da wannan rubutu zai yi aiki.

Auna cin ƙarfe da neman lahani

Ci iri biyu ne: na sama da na gefe. Na sama shi ne bambancin tsayin yanzu da na asali. Na gefe ana auna shi a daidai zurfin da ake auna tazara, kuma a ƙarfen waje na kwana aka fi samunsa. Iyakar da za a cire ƙarfe tana cikin ƙa'idar hukumar layin, gwargwadon gudu da nauyin jirage. Yashin da iska ke kwasowa a wajen Daura da Mashi yana ƙara saurin ci, musamman in ya cakuɗe da giris ɗin kwana ya zama kamar garin wasa wuƙa. In kuma ya binne tafi, damina ta zo ya riƙe laima, tsatsa za ta ci tafin a ɓoye, don haka a mararrabar mota da inda yashi ke taruwa sai an tone an duba.

A mahaɗa, a cire faranti lokaci-lokaci a duba ramukan noti, saboda tsaga tana fita daga bakin rami a karkace zuwa kai ko tafi. A saman kai a nemi tabon da tayar kan jirgi ke bari in ta yi juyi a wuri ɗaya, da ƙananan tsage-tsage a jere a gefen ciki, da baƙin tabo mai ɗan lotsawa. A kan walda a ɗora rular mita ɗaya a tsakiya, a duba haske ta ƙarƙashinta, kuma abin da ake yarda da shi a nan bai kai milimita ɗaya ba. Tsagar da ke cikin kai ba ta bayyana a waje sai ta kusa cinye shi, ita sai na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe.

Sauke kaya da ajiya

Sandar mita 18 ba a ɗaga ta da sarƙa ɗaya a tsakiya, za ta lanƙwashe kuma ba za ta koma daidai ba. A kama ta aƙalla wuri biyu da maƙamai na dogo, mai tsawo kuma wuri uku ko fiye. Ba a wurgo ta daga tirela. Ƙaramin sara a gefen tafi ya isa ya zama mafarin karaya, saboda tafi ne ke shan ja duk lokacin da taya ta taka. A jera su kai sama a kan katako, a sa katakon kowane hawa daidai saman na ƙasa, a kuma rubuta iri da inganci da fenti a bakin kowane jeri.

Guntayen da suka rage bayan yanka, da tsofaffin da aka cire, a auna tsawonsu a shigar a littafin sito da lambar tukunyarsu. Ƙarfen dogo dukiyar gwamnati ce ko ta mai aikin, kuma jami'an tsaro suna kama masu safararsa ba da takarda ba, don haka ko guntun da zai koma wajen masu gwangwan sai da takardar izini zai fita daga yadi.